LASIFIKA MARAS WAYA A ƘOFAR WAMBAI

Ƙofar Wambai tana gabashin ganuwar birnin Kano, tana fuskantar Fagge, kuma sunan sarautar Wambai ta ci. Baƙo in ya ji an ambace ta, abin da ya kan fara faɗo masa a rai kasuwa ne: tulin gwanjo, da takalma, da zaren ɗinki launi launi. Amma akwai wata haja da kasuwar nan ta daɗe tana ciniki a kanta, wadda ba a auna ta da yadi ko da mudu, watau murya. A zamanin kaset akwai layi guda cur a cikin kasuwar inda ba a kome sai ɗaukar murya da sayar da ita. Karatun Alƙur'ani da tafsirin malamai, waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗanƙwairo da na Ɗan Maraya Jos, har da na finafinan Indiya, duk a nan a kan kwafe su daga kaset guda zuwa ɗaruruwa, 'yan sari su zo daga garuruwan Arewa da na ƙetaren iyaka su yi lodi. Sa'ad da aka soma fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba dillalan nan suka zama hanyar da finafinai su ke bi su kai ga jama'a. Wani Bature masanin al'adu, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya ba da labarin layin nan a littafinsa mai suna Signal and Noise, wanda ya fito a 2008.

To, kaset ya yi zamaninsa ya wuce, faifan CD ya biyo baya shi ma ya wuce. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, sannu a hankali murya ta yi ƙaura ta koma cikinta, har ya zamana abin da dā sai an cika rumfa da kaset, yau yana cikin ɗan memori wanda bai kai farcen babban yatsa girma ba. Sai dai waya, duk da yawan abin da ke cikinta, bakinta ƙarami ne. Mutum biyu za su ji ta a ɗaki, amma ba za ta cika aji mai yara sittin ba, balle ta ratsa hayaniyar kasuwa. Don haka a ke nema mata baki, watau 'yar lasifikan nan mai batir wadda ba a jona ta da kome, wadda wasu ke kira Bluetooth kawai, wasu kuma MP. Mai gwanjo ya kan ɗauki muryarsa sau ɗaya yana faɗin farashi, ya bar akwati ya yi ta maimaitawa har la'asar, maƙogwaronsa ya huta. Tela na ɗinki tana gefensa, mai shayi ya rataye tasa a jikin tebur.

Kafin mu shiga yadda a ke haɗa su, bari mu waiwaya baya kaɗan, gama a nan ne za a ga abin da ya sake. Tsofaffin da suka yi ƙuruciya a zamanin En'e ba su mance da akwatin farko ba. A 1944 Gwamnati ta buɗe tashar rarraba shirin rediyo ta waya a Kano, bayan ta Ikko ta 1935 da ta Badun ta 1939. Akwatin nan lasifika ce zalla. Daga tasha a ke jawo waya bisa turaku har gidan wanda ya biya kuɗin wata, an kuma kafa waɗansu a wuraren taruwar jama'a. Ba a juya shi a nemi wata tasha. Abin da aka aiko shi za a ji. Saboda haka a wancan zamani in an tambaya wa ke da iko da bakin akwatin, amsar ba ta da wuya: a bi waya, inda ta ƙare nan mai iko ya ke. Haka kuma rikoda da lasifikarta, igiya ce ke tsakaninsu, kowa na gani. Yau an cire igiyar, amma tambayar tana nan. Duk 'yan danne-dannen da a ke yi wajen haɗa waya da lasifika, amsa tambayan nan a ke yi, ko da mai dannawa bai sani ba.

Abin dariya ma, Bahaushe ya ci gaba da kiran na'urar hannunsa waya, alhali kuwa asalin kalmar zaren ƙarfen nan ne na tangaraho da tarho. Watau yau muna haɗa waya da lasifika ba tare da waya ba. Mutanen dā sun fi mu dacewa da suka ce wayar iska.

Dabarar kanta daga ƙasar Suwidin ta fito. A 1994 kamfanin Ericsson, a ma'aikatarsa ta garin Lund, ya sa wani injiniya mutumin Holan, Jaap Haartsen, ya nemo hanyar da wayar hannu za ta yi magana da ƙananan na'urorin da ke kusa da ita ta iska, ba tare da ta cinye batir ba. A 1998 kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka kafa ƙungiya guda don kowa ya bi ƙa'ida ɗaya, aka fitar da ƙa'idar farko a 1999. Wannan yarjejeniya ita ce dalilin da ya sa wayar Tecno ko Samsung ta ke jituwa da lasifikar da aka ƙera a wata ma'aikata dabam ta ƙasar Sin wadda ba a ko san sunanta ba.

Sunan kuwa na wani sarki ne. Harald, Sarkin Denmak, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, ana yi masa laƙabi da mai shuɗin haƙori, an ce saboda wani mataccen haƙori da ke bakinsa. Shi ne ya haɗa kan mutanen Denmak ƙarƙashin sarauta ɗaya, har ikonsa ya kai Norwe. Jim Kardach na kamfanin Intel ya ce tun da aikinsu haɗa kan na'urori ne, a ara sunan sarkin nan na wucin gadi kafin a sami na dindindin. Na wucin gadin ya zauna. 'Yar alamar nan mai ƙahoni da ke fitowa a saman allon waya, haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen ƙasashen can, H da B, aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, watau farkon sunan sarkin da laƙabinsa.

Yanzu ga yadda a ke yi. Da fari a tabbata akwai caji a lasifika, gama in batir ya yi sanyi ta kan riƙa yankewa, mutum ya yi ta zargin waya a banza. A kunna ta. In sabuwa ce da ba ta san kowa ba, da kanta za ta shiga neman aboki, fitilarta ta riƙa ƙyaftawa da sauri, wata ma har muryar mace za ta faɗa da Turanci cewa a shirye ta ke. In kuwa ta taɓa aiki da wata waya, sai a danne maɓallin da ke da alamar sarki Harald na 'yan daƙiƙoƙi har fitilar ta soma ƙyaftawa. Sa'an nan a shiga wurin saiti na waya, ko na kwamfutar hannun nan mai kamar allo, a buɗe Bluetooth, a umurce ta ta nemo sababbin na'urori. Sunaye za su jeru. A taɓa sunan lasifikar. In tsohuwar ƙira ce ta nemi lamba, galibi 0000 ce ko 1234. Sa'ad da fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya cik, ko aka ji ɗan ƙara, to, an gama.

Wannan kowane yaro a Ƙofar Wambai zai yi wa mutum cikin rabin minti. Abin da yaron ba zai bayyana ba shi ne cewa abubuwa biyu ne suka faru, ba ɗaya ba. Na farko ƙulla sanayya, na biyu haɗuwa, wadda yara ke kira konektin. Ko wace na'ura tana da lambarta mai gurbi 12 wadda aka ba ta tun daga ma'aikata, sunan da mu ke gani a allo laƙabi ne kurum. A ranar farko su biyun su kan yi musayar lambobin nan, sa'an nan su ƙirƙiro wani mabuɗin sirri, ko wace ta adana nata kwafi. Sanayya ke nan, sau ɗaya a ke yin ta. Daga ran nan duk sa'ad da aka kunna lasifika, sai ta nemi wayar da ta rabu da ita a ƙarshe, in ta same ta kusa su gaisa da mabuɗin nan su haɗu, ba tare da sun nemi iznin kowa ba. Waɗansu lasifikoki su kan riƙe sanayya da wayoyi har takwas, amma yawancinsu ɗaya su ke saurare a lokaci guda. Mafi yawan ƙorafin da a ke kai wa masu gyara a Farm Centre da titin Beirut cewa lasifika ta ƙi waya, ba lalacewa ba ce: ta riga ta kama wayar ƙanin mai ita da ke cikin ɗaki, ko ta maƙwabcin rumfa wanda aka taɓa ara wa. Maganinsa a kashe Bluetooth na waccan wayar. In ya faskara, a umurci waya ta mance da lasifikar, a sake ƙulla sanayya daga farko.

Saƙon yana tafiya ne bisa zangon rediyo mai kaɗawa wajen sau miliyan 2,400 a daƙiƙa, zangon da aka bar wa kowa ya yi amfani da shi ba da lasisi ba. Abin da aka bar wa kowa kuwa lalle ya yi cunkoso: Wi-Fi a nan ya ke, har murhun lantarkin nan mai ɗumama abinci a nan ya ke zubar da hayaniyarsa. Don haka aka raba zangon gida 79, waya da lasifika su riƙa tsalle tare daga gida zuwa gida sau 1,600 a ko wace daƙiƙa, bisa wani tsari da su biyu kaɗai ke bi. In sun faɗa gidan da wani ke ciki, ɗan abin da ya ɓace a sake aiko shi a gida na gaba. Tun daga 2003 ma an koya musu su gane gidajen da suka cika hayaniya su riƙa tsallake su. Dabarar tsalle ba sabuwa ba ce. Ko a 1942 wata 'yar wasan fim a Amurka, Hedy Lamarr, da wani mawaƙi George Antheil, sun yi rajistar irinta don kada abokan gaba su toshe saƙon da ke sarrafa makamin ƙarƙashin ruwa. Wannan tsalle shi ya sa lasifika ashirin za su yi aiki a layi ɗaya na kasuwa, waƙar wannan ba ta faɗa akwatin wancan ba.

Amma fa nisan kaɗan ne. Yawancin wayoyi mita 10 ne iyakarsu, wajen yadi 11 ke nan, shi ma a fili. Ruwa yana shanye irin zangon nan, jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Saboda haka mai rumfa in ya sa waya a aljihun baya ya juya, ko masu ciniki suka yi dafifi tsakaninsa da akwati, sai murya ta soma sarƙewa. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe su ma shamaki ne, haka katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni. Wanda ya ajiye lasifika a zaure ya shige da waya cikin gida, kada ya ga laifin ɗan kasuwa. Akwai kuma ɗan jinkiri, wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, domin sai waya ta matse murya ta aika, lasifika ta warware. A waƙa ba a lura da shi, amma a fim wani lokaci a kan ga leɓe ya riga magana.

To, malamai da akawuna, ga inda maganar ta shafe ku. A 2007 aka sauƙaƙa ƙulla sanayya. Waya da waya, ko waya da kwamfuta, ko wace ta kan nuna lamba shida a allo, mutum ya duba ya ga sun yi daidai ya amince. Lasifika kuwa ba ta da allo, ba ta da wurin rubutu, don haka aka yafe mata wannan bincike: duk wanda ya fara miƙo hannu sa'ad da ta ke neman aboki, shi za ta karɓa. Masu araha da yawa ma da zarar wayar mai su ta yi nisa sai su koma neman aboki da kansu. Ke nan malami in ya fita aji da wayarsa a aljihu ya bar akwati a kunne, ɗalibin da ya ɓoye waya a jaka yana iya kama shi ya sa abin da ya ga dama. Haka a wurin taro ko walima. Ba gwaninta ba ce, ƙofa ce aka bari a buɗe. In za a tashi, a kashe lasifika.

Ɗaya haɗarin ya fi wannan, domin daga wayar mutum kansa ya ke fitowa. Lasifika ba ta rarrabe abin da ya kamata jama'a su ji da wanda bai kamata ba. Duk abin da waya ta furta, ita za ta ɗaga. Saƙon murya na WhatsApp ta hanyar waƙa ya ke bi. Akawun da ya saurari labarai da safe a ofis, ya mance bai raba su ba, in ya danna saƙon da maigidansa ya aiko a kan albashin wani ko takardar da ba a sa wa hannu ba tukuna, ba a kunnensa zai ji ba, ofis duka za a ji, har da masu jiran layi a bakin taga. In lasifikar tana da makirufo, kiran waya ma ta cikinta zai fito, mai kira bai san taro ya ke yi wa magana ba. A ganinmu wannan ya fi tsadar akwatin muhimmanci, gama amanar ofis da sirrin iyali ba a mai da su in sun fita. Alamar da za a lura da ita ɗaya ce: in aka danna abu waya ta yi shiru alhali tana nuna tana aiki, a tsayar da shi nan take, muryar tana fita a wani wuri.

Rigakafin ba shi da wuya. A yawancin wayoyin Android, in an taɓa gefen sunan lasifika a wurin saiti, akwai zaɓi biyu, na kira da na sauran sauti. A kashe na kira. Malamin da zai sa wa yara darasin furucin Turanci ko na Larabci, ya sauke darasin tun a gida, in ya shiga aji ya sa waya a yanayin jirgin sama, sa'an nan ya sake kunna Bluetooth kaɗai. Ba kira, ba saƙo, sai darasi. Makarantar da ke da hali gara ta keɓe kwamfutar hannu guda wadda ba layi a cikinta, a ƙulla ta da lasifikar makaranta, a hana haɗa ta da wayar kowa. Wanda kuma ya ara wa wani wayarsa ko ya haɗa ta da akwatin biki, in an watse ya umurce ta ta mance. Barin Bluetooth a kunne dare da rana ba dole ba ne. A 2017 masu bincike sun bayyana wata ɓaraka da suka sa wa suna BlueBorne, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin wayar da ba a sabunta manhajarta ba ko da ba a ƙulla sanayya da ita ba. An toshe ta a sababbin wayoyi, amma tsofaffi na hannu da ke yawo a kasuwanninmu ba duka suka sami gyaran ba.

Game da saye, kada a biya sai an gwada da wayar da za a yi aiki da ita, a tsakiyar hayaniyar kasuwar. A kula da sunan da ya fito a allo, domin akwatuna masu araha da yawa suna ɗaya su ke amsawa, a rumfar da ke da goma a kunne mutum na iya kama ta maƙwabci yana murna. A ja da baya taki goma a ji ko za ta yanke. A ƙure ƙara a ji ko za ta yi gwarangwaran. Manyan lambobin wat da a ke bugawa a kwali ba abin dogara ba ne, wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ya fi kusa da gaskiya, sunan babban kamfani a jikin akwati kuwa ba shi ke nuna daga can ya fito ba. Mai ramin memori da rediyo ta fi amfani ga malamin ƙauye, domin ko waya ta mutu darasi ba zai tsaya ba. Batirinta ba ya son zafi, a Kano kuwa cikin watan Afrilu zafi ya kan haura digiri 40. Kada a bar ta a rana bisa kwano ko cikin mota a rufe.

Maganar ƙara kuwa, hukumar NESREA tana da dokar hana hayaniya tun 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yawan sauraren sauti mai ƙarfi. Tela da ke wuni da akwati dab da kunnensa, shi zai fara biya kafin maƙwabcinsa.

Ƙungiyar Bluetooth ba ta tsaya ba. A 2020 ta sanar da sabuwar hanyar aika sauti mai ƙarancin cin batir, a 2022 kuma ta sa wa wani sashenta suna Auracast. A wannan tsari waya ɗaya ko na'ura ɗaya ta kan watsa murya, lasifikoki da na'urorin kunne ko nawa ne da ke kusa su kama, ba sai an ƙulla sanayya da ko wace ba, mai watsawa kuma yana iya sa kalmar sirri ko ya bari a buɗe. Zai yi amfani a babban ɗakin taro, da ajin da ya yi wa lasifika ɗaya yawa, da kuma masu raunin ji da ke sa na'urar ƙara ji a kunne. Amma sai waya da lasifika duka biyu sun san tsarin kafin ya yi aiki, tsofaffin akwatuna kuwa ba su san shi ba. Shugaban makarantar da ke shirin kashe kuɗin makaranta a kansa, ya nemi kalmar Auracast a jikin kwali, ya kuma sa a gwada masa da lasifika biyu a gabansa kafin a rubuta rasit.